Ajiyar Kawu Dauda a Kan Ɗakin Malam

Duk wanda ya san Kawu Dauda ya san ba ya tafiya kansa a ɗage. Kullum idonsa na ƙasa, kuma ba tsabar tawali'u ba ne, ƙusa yake nema. Lanƙwasasshiya ko mai tsatsa, zai duƙa ya ɗauka, ya hure ta, ya jefa a aljihu, ya ce, "Za ta yi rana." Aljifan da matarsa Inna Asabe ta ɗinke, Allah kaɗai ya san yawansu.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi a Unguwar Dosa, don haka na sha kunya iri-iri. Wata rana ya goyo ni a tsohuwar Besfarsa, muna tsakiyar cunkoson Kawo sai ya taka birki. Motoci na ta hon, shi kuwa ya sauka ya ɗauko wani guntun waya.

Na ce, "Kawu, za a take mu fa."

Ya ce, "Ke ma da aka haife ki ba ki fi wannan kauri ba, muka ajiye ki. Riƙe min."

Bayan gidansa kuwa ba a magana: tsofaffin kwanon rufi, katako, ƙyamare, gwangwanaye cike da ƙusoshin da ya miƙe da guduma. Inna ta taɓa kiran 'yan gwangwan yana masallaci don su kwashe. Ya dawo ya tarar da su a ƙofa, ya sa suka sauke komai, sannan ya leƙa kurarsu ya ga wata taga ya taya. Mutanen da suka zo saye, sai ga su sun tafi sun sayar.

Muna ta yi masa dariya har shekarar da iskar farkon damina ta yi ɓarna a unguwarmu. Da la'asar ta taso, ta yaye rufin gidan Malam Isiyaku kaf, malamin da ke koya wa yaranmu lissafi a firamare. Ruwa ya jiƙa katifu da hatsi da littattafai. Allah ya tsare rai, amma shi da matarsa da yaransu suka koma rakuɓe a zauren maƙwabci.

Mu iyayen yara muka haɗu za mu gyara masa. Malam ya ce atafau. "Idan na karɓa daga hannunku, gobe da wane ido zan kayar da ɗan wani a jarrabawa?" Ya ce zai tura iyalinsa ƙauye, shi ma ya bi su in an yi hutu. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ɗana Sadiku bai taɓa gane rabawa ba sai a hannun mutumin nan.

Kawu yana gefe yana sauraro. Washegari da safe sai ga shi da kura shaƙe da kwano da katako, da kafinta a bayansa.

Malam ya ce, "Baba, ai na riga na ce ba zan karɓa ba."

Kawu ya haɗe rai. "Wa ya ce ba ka zan yi? Ka taɓa jin na yi wa wani kyauta? Asabe ce ta sa wa kayana ido, 'yan gwangwan na zagaye gidana. Ajiya na kawo. Na duba duk unguwar nan, ban ga inda ya fi saman ɗakinka fili ba. Ko malami guda zai ƙi riƙe wa tsoho amana?"

Nan take kafinta ya hau saman ɗakin.

Daga nan fa iyaye suka gano hanya. Wata ta kawo ajiyar katifa, wai ɗakinta ya yi ƙanƙanta. Ni na kai ajiyar tukwane. Wani ma'aikacin asibiti ya dire buhun masara ya ce ɓeraye sun dame shi, a taimaka a riƙa ci kafin ta lalace. Magidanta suka tuɓe manyan riguna suna miƙa wa kafinta kwano. Rufin ya fito kala-kala kamar zanen da aka yi wa faci, amma ko ɗigo bai zubar ba. Malam bai tafi ko'ina ba.

Kawu kuwa ya samu sana'a. Duk bayan ruwan sama sai ya je duba kayansa, ya zagaya gidan yana ɗaga kai, karo na farko da muka ga wuyansa ya miƙe. Ya zauna matar Malam ta dama masa kunu, ya sha, ya ce, "A dai riƙa kula min da su."

Da ya rasu bara, ana maganar rabon gado, sai ga Malam ya yi sallama da kafinta da tsani. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya ce amanar mamaci haƙƙin magada ce, ya zo a shaida zai sauke kwanon ya kawo. Na san halinsa, zai aikata.

Inna Asabe ta ce daga bayan labule, "Malam, zauna. Liman, faɗa masa."

Liman ya yi gyaran murya ya ce tun ranar da aka buga kwanon marigayi ya kira shi da ladan ya shaida musu kyauta ce har abada. Sai dai ya ce kada a faɗa sai bayan ransa, don in Malam ya sani zai tsige, shi kuma ya rasa inda zai sha kunu.

Inna ta ƙara da cewa, "Ya kuma ce in ka ƙi, ka same shi a maƙabarta ka faɗa masa da bakinka."

Aka fashe da dariya a gidan makoki. Malam ya yi dariyar shi ma, sannan ya sa hula ya rufe fuskarsa ya daɗe bai ɗago ba. Kafinta ya saɓi tsaninsa ya fita, ni kuma sai a lokacin na sauke numfashi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yi masa rumfa da rahamarsa kamar yadda shi ma ya rufa wa Malam asiri. Duk ƙusar da ya duƙa ya tsinta, Allah ya sa ta yi masa rana.