Harsashin da ke Makullin Rakiya

Ban taɓa mantawa da safiyar da idona ya fara sauka a kansa ba. Rakiya ta zube makullanta bisa tebur tana cire rigar sanyi, sai wani ɗan harsashin tagulla ya yi walƙiya a tsakiyarsu. Nan take na ƙura masa ido.

Ku da kuka shigo aikin nan bana, ga yadda muke a lokacin. Shagon bindigogin farauta ne a gefen Lyon. Patoron, wato maigidanmu, wani dattijon Bafaranshe, shi ke da izinin hukuma. Ni Badamagare da Isufu, mutumin Tawa, muna atilye, wato ɗakin gyara, a baya. Rakiya, haifaffiyar Bron da ke nan kusa da Lyon, ita ke tarbar masu saye a gaba. Ni kuwa na daɗe da sa ta cikin kowane littafin soyayya da nake karantawa a tiram, jirgin cikin gari, sai dai ban taɓa furta mata ba.

Mafarauta masu ɗura harsashi da hannunsu kan kawo bindiga mu daidaita musu injin matsi. Matakin ƙarshe shi ne matse bakin kwanso ya kama dalmar da ke bisa. Bindigar da ke ɗura wa kanta, da ƙarfi take banka harsashi. In matsin ya yi sako-sako, dalmar za ta nutse ciki, kuma wannan haɗari ne ga mai harbi. Shi ya sa kafin a taɓa albarushi ake yin na gwaji, fanko, a huda shi a gefe.

Irinsa ne a makullin Rakiya. Matsin siriri, a miƙe kamar zanen kwalli. Ba hannuna ba ne. Hannun Patoron kuwa ya fara rawa saboda tsufa. Saura wa, in ba Isufu ba?

"Rakiya, wa ya ba ki wannan?"

"Yaya Lawali, ina ruwan biri da gada?" Ta kaɗa shi a gaban idona. "Il est beau, ya yi kyau, ko?"

Daga ranar, ko gaisuwar Isufu ɗaci take mini. In ya ce, "Badamagare, littattafan nan za su haukata ka," sai in ji kamar dariyar mai nasara ce.

Gab da buɗe farautar aladen daji, Patoron ya ce zai je baje kolin kayan farauta a Paris, da Rakiya da ɗaya daga cikinmu. Ya ajiye bindigar wani mafarauci, ya ce ni da Isufu kowa ya shirya mata harsasai, wanda ya fi shi ke tafiya.

Na kama hannun injin ina hango Rakiya da Isufu a zuci suna bakin kogi a Paris, na danna iya ƙarfina. Aka saki ƙarfen bindiga a kan na gwajina, dalma ko gezau. Na kalli Isufu da gefen ido. Amma a filin harbi nawa suka warwatse bisa takardar da ake harbi, nasa suka taru wuri guda. Patoron ya duba nawa da gilashin ƙara girma, ya ce da Faransanci, "Lawali, cewa aka yi ka riƙe dalmar, ba ka shaƙe ta ba."

Suka hau jirgi. Na rage ni da tsintsiya da tunani.

Da suka dawo, Isufu ya shigo atilye fuska a murtuke.

"To ango," na ce, "ya Paris?"

"Ba'a za ka yi mini? Duk hanya harsashin da ka ba ta take juyawa a hannu."

"Wanda na ba ta? Ba kai ba ne?"

Muka tsaya kallon-kallo. Sai ga dariya daga bakin ƙofa.

"Ni na yi abina," in ji Rakiya. "Duk ranar da kuka fita cin abinci, Patoron na koya mini. Na rataya shi ne ko waninku zai ce aikin ya yi kyau, amma kowa wa ya ba ki, wa ya ba ki. Na nuna wa wani maƙerin bindiga a Paris, ya tambayi wa ya yi. Wata mai kamawa zan fara koyo a wajensa."

Abu biyu na ɗauka. Matsi yana da iyaka, wanda ya wuce ta ɓarna yake. Kuma in kun ga aiki mai kyau, ku tambayi hannun da ya yi shi kafin zuciya ta rubuta muku labari.

Rakiya yanzu tana da atilyenta kusa da Paris, da miji direban jirgin ƙasa, da 'ya'ya. Bara ta zo gaida Patoron a gida, ina wurin. Ta ajiye makullai bisa tebur, harsashin na nan, ya dushe. Na ɗauka na duba bakinsa. Har yau ban iya irin wannan matsin ba, kuma wallahi har yau yana ci mini rai.