Takalmin Baba Basilla

Duk wanda takalminsa ya taɓa tsinkewa a bakin kasuwa ya san Baba Basilla. Rumfarsa tana jikin katangar tashar mota, ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba: benci, akwatin ƙusoshi, gwangwanin gam, da tarin takalman da masu su suka kawo suka manta. Tun gashinsa na baƙi yake zaune a wurin har ya yi fari fat. A ƙafa yake zuwa, a ƙafa yake komawa, da kwanon abincinsa ɗaure a ƙyalle.

'Yan tasha sun sha yi masa tsiya a kan kwanon nan. Hatsi ne da ba a raba shi da dusarsa ba, sai wake da ganye, wani lokaci kabewa. Mai kuwa sai ka rantse babu, gishiri ma kamar roƙo aka yi. Matarsa ke dafawa, yadda ta ga uwarta na yi.

"Baba, wannan ai abincin awaki ne," in ji wani kwandasta.

"Ka taɓa ganin akuya a layin likita?" in ji shi, ya ci gaba da kai loma.

Da matar ta rasu, babban ɗansa, akawu a wani kamfani, ya ɗauke shi zuwa gidansa. Yaron kirki ne, ko shakka babu. Sai dai da abincin dusar nan ya tashi, kuma a wurinsa ɗanɗanon talauci ne da shi. Ya tara matarsa da 'ya'yansa ya ce, "Baba ya gama shan wahala. Kada in ga dusa ko ganye a kwanonsa, mutane su ce na kasa riƙe ubana." Daga ranar sai farin burodi da shayi mai kauri da madarar gwangwani, soyayyen nama, taliya tana ninƙaya a mai, ga lemon kwalba mai sanyi.

Zuma da zaƙi da harbi. Watannin farko tsoho ya yi ƙiba, ɗan ya yi ta murna. Daga baya sai barci ya riƙa sace shi a kan benci da basilla a hannu. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, ciki ya ɗaure, idanu suka fara hazo. Hanyar da yake takawa yana gaishe-gaishe ta koma sai ya zauna a dakalin mutane ya huta. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ya san daga inda abin ya fito, jiki magayi. Amma ta ina uba zai dubi ɗan da ya yi masa gata ya ce gatan ne ke kashe shi? Ga kuma tsoro: ɗan ya sha cewa ranar da tafiya ta fara yi masa wuya, ranar za a rufe rumfa ya zauna a gida. Shi kuwa rumfar nan ita kaɗai ta rage masa. Sai ya cinye, ya ce Allah ya yi albarka.

Da ƙafafunsa suka kumbura takalmi ya ƙi shiga, ya yi abin da ya iya. Ya farke gefen takalmin, ya ƙara ƙyallen fata, ya ɗinke, ya shafa baƙin mai. Da kumburin ya ƙaru, ya sake ƙari a kan ƙari. Aikin ya yi kyau, ɗan bai taɓa lura ba.

Surukarsa ce ta gane. Tana shara wata safiya ta ɗaga takalmin daga bakin ƙofa, ta ga ya yi faɗi kamar faranti. Ta juya cikinsa, ga ɗinki layi-layi. Ta shiga ta durƙusa, ta dubi ƙafafunsa.

"Baba, tun yaushe?"

"Takalmi ne ya tsufa, 'yar nan."

"Baba, takalmi in ya tsufa saki yake yi, ba matsewa ba."

Ta gaya wa mijinta, suka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne da hawan jini, kuma sun daɗe. Ya rubuta magani, ya tambayi abin da tsoho yake ci a da. Da aka faɗa masa ya ce a koma kansa. Ɗan ya sunkuyar da kai.

Surukar ta nemo hatsi da wake da ganye, ta dafa iya saninta. Bai yi kama da na marigayiya ba, ko kusa. Tsoho ya cinye tas. Sannu a hankali barcin rana ya sake shi, ciki ya warware, kumburin ya saɓe, har takalmin ya fara yi masa yawa a ƙafa.

Wata safiya ya zauna a tsakar gida ya farke ƙarin fatar don ya mayar da takalmin yadda yake. Ya ɗauki basilla, ya lashi bakin zare, ya ɗaga sama wajen haske. Ya zura, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Ƙafa ta dawo, ido bai dawo ba. Ya daɗe zaune da zaren a hannu.

Surukar na wanke-wanke tana kallonsa ta gefen ido. Tun da ya zo gidan bai taɓa buɗe baki ya nemi ko ruwan sha ba.

"'Yar nan," in ji shi a hankali, "zo ki zura mini. Ki zura wa duk alluran da ke cikin akwatina zare, su kai ni yamma a rumfa."