Tsakanin Asuba da Azahar a Soron Malam

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don haka mai yiwuwa na haɗa wata ranar da wata. Abin da nake da tabbas a kansa shi ne na gama jami'a, ina zaman jiran tafiya bautar ƙasa, sai Malam ya aiko a kira ni.

Malam aminin mahaifina ne, asalinsu mutanen Barno ne da suka daɗe a unguwar Koki. Wani gida a unguwar Sheshe ne ya ba shi aron adaka guda ta littattafan kakansu, rubutun hannu. Ranar Asabar magada za su taru a raba, kowa ya tafi da nasa garin da yake zaune. Ɗaliban Malam, magidanta ne duka, sun riga sun ɗauki hoton kowane shafi da waya. Sai dai littattafan warwara ne, ba ɗinki, hotunan kuma sun cakuɗe. Dole a jera su a kwamfuta, a gwada da na asali tun suna hannu. In Asabar ta yi ba a gama ba, an tashi da tulin hotunan da ba wanda ya san farkonsu.

Akwai tsofaffin kwamfutoci uku a soron Malam, da sola. Manhajar da ta dace da aikin ba ta hawa kansu yadda take, sai an ɗauko ɗanyen rubutunta an harhaɗa a kan injin. Ita kuma ba ta tsayawa ita kaɗai. Tana bukatar wasu ƙananan manhajoji, su ma suna bukatar wasu, kamar yadda ba a ɗora azara sai bango ya tashi. Sabis ba ya ratsa katangar soron, don haka na je shagon wani abokina na sauko da komai a filashi. Na buɗe ma'ajiya a kwamfuta mafi ƙarfi. Duk wadda na harhaɗa sai in saka ta ciki in sabunta jerin sunaye, ta gaba ta ɗauka daga nan, sauran kwamfutocin biyu ma haka. Na ce wa Malam ina ganin zai yiwu, in Allah ya so, amma ban yi alkawari ba. Ya ce bai taɓa jin na yi alkawarin komai ba.

Ƙananan sun tafi lafiya. Babbar ce ta tsaya mini. Ranar Litinin na fara harhaɗa ta da hantsi, muka tafi azahar, na dawo na tarar kwamfuta a farkon shafi kamar ba a taɓa ta ba. Na zargi batirin sola. Na sake sawa, muka dawo daga la'asar, haka dai. Daga nan na fara zargin kaina. Na bi jerin sunayen sau uku ina neman wadda na tsallake. Har na kai hannu zan goge ma'ajiyar gaba ɗaya in faro daga tushe, tsoro ya hana ni, kuma na gode wa Allah da wannan tsoron.

Ranar Talata na makara wajen neman takalmina da aka kira azahar, sai na ga Baba, yayan Malam, wanda makullin soron yake hannunsa. Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya kashe babban makunnin wuta, sannan ya ja ƙofa. Da aka dawo shi ya fara shiga, ya kunna. Injin kuwa yana tashi da kansa in wuta ta dawo, shi ya sa ban gane ba.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa masa. Bayan la'asar na durƙusa gefensa na ce, "Baba, wai da ana iya barin wutar nan in za a masallaci? Injin yana aiki ne ko da ba kowa."

Ya ce, "Aikin me? Na duba, fuskarsa baƙi ƙirin."

"Ciki yake yi, Baba."

"To shi ba ya sallah ne?" Ɗaliban suka fashe da dariya. Baba ya juya ga Malam ya ce, "Ka ji ɗanka. In bar wuta da takardun mutane a ɗaki ba kowa? Amana ce fa. In ta tashi, injin ne zai je Sheshe ya ba da haƙuri?"

Na kalli Malam ina fatan ya sa baki. Ya ce, "Yaya ya fi ni gaskiya. Kai ne mai ilimin abin, nemo dabara."

Raina ya ɓaci a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma da na zauna na duba, sai na ga kashe wutar bai taɓa ma'ajiyar ba. Duk abin da ya kammala yana nan. Wadda ake cikin harhaɗawa ce kawai take lalacewa, don tsarin da nake bi yana faro ta daga farko duk lokacin da aka katse. Ke nan abin da nake bukata shi ne tazara mai tsawo ba sallah a tsakani. Da dare Baba yana kulle soron, ba zance. Saura daga asuba zuwa azahar. Na ƙiyasta daga inda take kaiwa kafin a katse ta, na ga za ta iya isa, za ta iya gazawa kaɗan.

Ranar Laraba daga masallaci na bi Baba, ya buɗe, na sa ta tun gari bai gama wayewa ba. Na hana kowa taɓa injin. Na buɗe taga, na ɗora shi kan bulo biyu don ya sha iska. Rubutu yana ta gudu a fuskarsa, ni kuma ina ta duba agogo. Koko aka kawo mini ya huce a gabana.

Aka kira azahar ba ta gama ba. Ɗalibai suka fita. Baba ya ɗauki buta ya zauna a dokin ƙofa yana alwala, ni kuma da tawa alwalar tun ɗazu, ina tsaye da takalmi a hannu. Ya gama, ya tashi, ya tsaya gyaran hula. Ya nuna injin ya ce, "To, malamin naka ya shafa fatiha?" Kafin in amsa rubutun ya tsaya, layin ƙarshe ya nuna an kammala. Na saka ta a ma'ajiya, na sabunta jeri, na kashe injin da kaina. Na ce, "Baba, bismilla." Ya kashe makunni. Mun sami raka'ar farko.

Bayan sallah sauran kwamfutocin biyu suka ɗauka daga ma'ajiya cikin ɗan lokaci. Ɗalibai suka zauna biyu-biyu, ɗaya da takarda ɗaya da hoto. Da yammacin Juma'a aka rufe adaka, an gwada kowane shafi. Da na ga an ɗora ta a mota zuwa Sheshe sai na zauna a dakali na yi hamdala.

Abu ɗaya ne har yau ban tabbatar ba. A tunanina Baba ya ja alwalar nan fiye da yadda ya saba, amma ban taɓa tambayarsa ba, kuma ya rasu. Wani ɗalibi ya ce mini haka yake yi kullum. Waɗanda suke soron a makon nan, in kun ga na kauce a wannan ko a wani wuri, don Allah ku aiko mini in gyara.