Kwaɗon da Taswira Ta Bari a Waje

Malamin kimiyyar halittu na sakandaren bakin fadama mutum ne mai haƙuri da kowa, ban da littafi guda. Littafin dabbobin ruwa ne mai koren bango, kuma shekara da shekaru suna rigima a kan shafi ɗaya. A shafin akwai hoton wani ɗan kwaɗo da bai fi kan babban yatsa ba, bayansa ruwan ɗorawa da ratsin baƙi, ƙafafunsa jajaye. A ƙasan hoton an zana taswira, an shafa tawada a yankunan da ake samunsa. Tawadar ta tsaya can kudu, tafiya mai nisa daga garin Malam.

Shi kuwa da kwaɗon nan ya tashi. Mahaifinsa masaƙin tabarma ne, duk damin ciyawar da ya yanko daga fadama sai an kakkaɓe irinsa manne a ganye. Abin da ke ƙona wa Malam rai shi ne dole ya koyar da taswirar yadda take. "Ku rubuta abin da littafi ya ce don ku ci jarrabawa," in ji shi, "amma ku sani bai zo nan ya duba ba." Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Kwaɗo, ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

A gida ma ba a tsira ba. Ana cin abinci zai ɗauko bayani: akwai dangi, cikin dangi akwai jinsi, wannan jinsin sunansa Hyperolius, nau'o'insa sun haura ɗari, kuma yawanci da zanen baya da irin kuka ake fara rarrabe su.

"Malam," matarsa za ta ce, "mutane na faɗa a kan fili da gado, kai kana faɗa da takarda a kan kwaɗo. Ci abincinka kafin ya huce."

A daminar da zai yi ritaya aka sayar da fadamar. Tifofi suka fara juye jar ƙasa daga gefen titi, kullum ruwa na ja da baya. Hankalin Malam ya tashi, don in ciyawar ta tafi ba tare da an shaida kwaɗon ba, littafi ya ci nasara ke nan har abada. Ya yi ta bin hanya har wata farfesa mai binciken kwaɗi a jami'ar babban birni ta ce ya kawo ta gani.

Da sassafe ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya kamo 'yan kaɗan, ya biyo da su ta gida. Suna zaune a tafin hannunsa, launinsu na sheƙi kamar sabon fenti. 'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, tana shirin fita aiki ta ciro waya.

"Baba, tsaya in ɗauke su hoto."

"Hoto ba hujja ba ne. Kowa na iya ɗauko hoto daga ko'ina. Su masana jikin dabbar suke so."

"To ai ba ya hana..."

"Ke, allura na san kin iya. Wannan fannina ne."

Ta mayar da wayar jaka, ta fita aiki. Malam ya wuce ɗakin gwaji na makaranta, ya yi abin da ya yi wa kowane ƙadangare da tana tun da ya fara koyarwa: ya zuba famalin a kwalba, ruwan nan mai yaji a ido da ke hana gawa ruɓewa, ya jefa su ciki. Ya toshe, ya naɗe da jarida, ya ɗaure, ya sa a bayan kabad don kada haske ya taɓa su. Aikin ya yi tsaf, har ya yaba wa kansa.

Sai Farfesa ta yi tafiya. Da ta dawo aka shiga jarrabawa, aka ce ya ɗan ƙara haƙuri. Malam ya yi ta buga waya har sakatarenta ya gane muryarsa tun daga gaisuwa. Damina ta wuce, rani ya yi nisa, sannan aka ba shi rana.

Ofishinta cike yake da kwalabe har saman taga. Ta karɓe shi da mutunci, ta ture takardu gefe. Malam ya kwance jaridar a hankali, jawabinsa na bakinsa. Abin da ke cikin kwalbar wasu 'yan fararen abubuwa ne masu toka-toka, kamar takardar da ta kwana a ruwa. Babu ratsin, babu jan ƙafa.

Farfesa ta ɗaga kwalbar ta juya ta a haske, ta buɗe, ta sunsuna, ta kawar da kai.

"Jinsin dai shi ne, Malam, ga yatsun nan masu mannewa. Amma nau'in ba zan iya cewa ba. Da yawansu haka suke komawa in launi ya zube. Akwai hotonsu da rai?"

"Babu, ranki ya daɗe."

"Kukansu fa, an naɗa?"

Ya girgiza kai.

"Da a sifirit irin na asibiti ka sa su, da na yanki ɗan yatsa an gwada ƙwayar halitta. Famalin yana lalata ta."

"Na rantse miki ruwan ɗorawa ne da ratsin baƙi. Tun ina yaro nake ganinsu."

"Ban ƙaryata ka ba. Amma ba zan matsar da taswira da rantsuwa ba." Ta jawo aljihun tebur ta miƙo masa wata robar da aka huhhuda murfinta. "Ruwa na sauka, ka kawo mini ɗaya da rai. Ɗaya tak ya isa."

A mota haushi ya hana shi ko kallon taga. Ya so ya ɗora wa littafin laifi, ya so ya ɗora wa sakatare, amma duk inda ya juya kansa yake tararwa, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

Bai nufi gida ba, ya sauka a bakin fadama. Tun da ya bar aiki yake kauce wa hanyar, don ba ya son gani. Yanzu ga shi ya gani: harsashin gini layi-layi har inda ciyawa ta fi duhu a da. Ɗan kududdufin da ya rage an zura masa tiyo, wani birkila na jan ruwan yana kwaɓa siminti.

"Sannu da aiki. Kuna jin kukan kwaɗi a nan kuwa?"

"Da dai sun dame mu, Baba. Tun da aka cike can ƙarshen muka huta." Birkilan ya goge gumi, idonsa ya sauka a kan robar. "Wannan fa, kana amfani da ita? Ƙusoshina sai zubewa suke."

Malam ya daɗe yana kallon hujojin murfin, sannan ya miƙa masa.