Rakiyar Malaman Dakar

Karatun masta na yi kan kasuwanci tsakanin ƙasashe da harkar kuɗi, a wata makaranta ta Dakar, amma a gidanmu na Birnin Konni na ƙarasa shi. Abu ɗaya ya rage: in zauna gaban malamai uku ta ordinatar, wato kwamfuta, in kare bincikena kan yadda albasar Galmi ke isa kasuwannin bakin teku. Lokacin da aka ba ni ɗan kaɗan ne. In ya salwanta sai baɗi, aikin bankin da ke jirana a Yamai kuwa ba zai jira baɗi ba.

Na roƙi Baba, wanda ya tsufa a harkar manyan motoci, a yi mini shiru a gida ranar. Na bayyana masa cewa a cikin allo kawai malaman za su fito.

"Ko cikin kwalba sunka zo, baƙi na," in ji shi. "Mutanen da sunka karantar min da ɗiya, su shigo gidana in ɓoye?"

Da hantsi na tarar an share zaure, an shimfiɗa darduma, an ɗora ordinatar ɗina bisa matashin fata. Baba ya sha babbar riga. Ƙanensa, Baffa, ya zo daga Dogarawa tun da asuba, shi ma da tasa.

Fuskoki uku suka bayyana, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau. Ban ko buɗe baki ba Baba ya matso.

"Ina kwananku? Ina gajiya? Ina iyali? Ya damana can wajenku?"

Ni ce tafinta. Ina fassarawa da Faransanci, ina kallon agogo, gumi na bin bayana. Malaman nan, Allah Ya saka musu, mutanen Senegal ne, su ma gwanayen gaisuwa. Maimakon su katse shi, sai suka shiga tambayar lafiyar gida. Baffa ya karɓa daga inda Baba ya tsaya, har da gaisuwar dabbobi. Inna ta aiko da fura a ƙwarya, aka ajiye gaban allo.

"Hwaɗa musu," in ji Baba, "in ta yi musu gardama su zane ta, na ba su."

Na ce musu yana godiya.

Abin da ya rage mini na lokaci, a guje na yi shi. Na zuba bayanin faɗuwar naira da tashin sefa kamar mai kiran fasinja a tasha. Ban san me na faɗa ba, ban san me na tsallake ba. Da na gama, shugabar ta ce in fita su yi shawara. Na fita. Baba ya ƙi motsi, wai ba a barin baƙo shi kaɗai. Ya zauna yana ta gyaɗa musu kai, ba ya jin ko kalma ɗaya. Ni kuwa ina bayan zaure ina kuka, ina jin haushinsa har cikin raina.

Aka kira ni. Malaman suka miƙe tsaye, Baba da Baffa ma suka miƙe. Shugabar ta yi magana, sannan allo ya yi baƙi.

"Mi tac ce?"

"Na ci, Baba."

Ya cire hula ya shafa kai. Sai ya duƙa ya ɗauki ordinatar da hannu biyu, ya nufi ƙofa.

"Baba, ai sun tafi."

"Na sani, ɗiyata. Ni ban yi karatun lakwal ba, ba ni da abin da ni ka ba su. Bari ko rakiya in yi musu."

Haka muka bi bayansa, ni da Baffa, har bakin titi.