Damin Kaura Uku a Ɗakin Haya

Matar da ke ɗakin kusa da nawa ce ta kai ƙarata wurin duba-gari, wai ɓerayena sun hana ta sakat. Ɓerayena! Kamar ni na yi musu suna. Na ji haushi ƙwarai, don wata bakwai da tarewarta muna gida ɗaya a Birnin Gwari ba ta taɓa tambayata daga ina nake ba, amma ta san abin da ke cikin ɗakina.

Daga Kakangi na fito, bayan zaman ƙauye ya gagara. Iyalina na tura su Zariya wurin wan matata, ni kuma na maƙale a nan don in kasance kusa da gona. Da muka taso, wasu katifa suka ɗauka, ni damin kaura uku na ɗora a kan babur. Iri ne da mahaifina ya yi shekaru yana zaɓa zangarniya-zangarniya, kuma bayan rasuwarsa ban bar shi ya yanke ba. A gidanmu ba a kwance damin iri sai ranar da aka yi ruwan shuka. Damina biyu ta wuce ban taka gona ba, don haka ban kwance ba. Na jingine su a kusurwa, a kan simintin ƙasa.

Ranar wata Talata da hantsi na ji sallama. Sai da aka maimaita sannan na amsa, don na saba in an yi sallama a gidan nan ba da ni ake ba. Duba-gari ce, mace mai matsakaicin shekaru, da kakinta da littafi a hannu. Na rasa inda zan sa kaina don murna, har na kakkaɓe mata tabarma.

"Baba, ba zama ya kawo ni ba," ta ce. Ta haska bayan ƙofa da tocila, ta nuna mini rami, ta nuna kashin ɓera a gindin damin. Ta ce ƙa'idarsu ita ce in an kawo ƙara su zo su duba, su ba da mako guda a gyara, su dawo. Hatsin da aka samu a buɗe a ɗakin kwana a zuwa na biyu, ƙona shi ake yi, saboda cutar da ɓera ke bari a jiki.

Na ce, "Hajiya, wannan ba abinci ba ne, iri ne."

"Shi ɓeran ka gaya masa haka?" ta ce. "In ɓera da sata, Baba, daddawa ma da wari."

Na so in yi faɗa, amma na ga tana murza ƙwaya ɗaya a yatsa irin ta wanda ya san dawa. Ta ce babanta Bagware ne, manomi a Damari. Ta ce in sussuke, in gauraya da toka, in zuba a abu mai murfi, ita kuma ba za ta taɓa shi ba.

Kwana shida ina kallon damin nan ina kewaye su. Kwance su ba ruwa, ba gona, ya yi mini kama da cewa na haƙura. A rana ta bakwai na shimfiɗa buhu a tsakar gida na yanke igiya. Ashe zangarniyoyin waje ne kawai suka rage da ƙwaya. Ciki duk ɓeraye sun cinye, sun yi sheƙa da tsumma da leda, har da 'ya'ya jajaye guda biyar. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Da na sheƙe, abin da ya rage bai cika gwangwanin madara babba ba. Na zauna a wurin na yi kuka, masu gidan suna wucewa ta gefena da bokitai.

Da ta dawo na nuna mata ramin da na toshe da siminti, na nuna mata gwangwanin. Ta buɗe, ta sunsuna tokar, ta rubuta a littafinta. Iri ba ya jiran mutum har abada, in ya ƙara shekara ba a sa shi a ƙasa ba zai mutu a rufe. Shi ya sa na riga na ƙulla rabi a ƙyalle.

Na ce, "Ki kai wa babanki ya shuka bana. Ko ban gani ba, dai kada ya yanke."

Ta daɗe tana kallon ƙullin ba ta miƙo hannu ba. "Baba, ai shi ma yana nan bayan tasha, a ɗakin haya. Nasa irin tun bara ya kai inji aka niƙa."

Ta ce ɗakina ya yi daidai, ba sai sun sake dawowa ba. Na raka ta har ƙofar gida, na dawo na kwance ƙyallen na mayar da rabin cikin gwangwani.