Sandunan Bugun Umma

Yayana Deok-su ya yi shekaru yana kaɗa ganga a wata ƙaramar ƙungiyar mawaƙan rok, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na unguwar Hongdae da ke Seoul. Ba su taɓa cika ɗaki da 'yan kallo ba. Da ƙungiyar ta watse, ya dawo garinmu Andong yana gyaran babura. Umma kuwa ba ta taɓa yabon kiɗan ba, cewa take hayaniyar marasa aikin yi ce.

Bara wasu samari makaɗa suka zo daga Seoul, wai salonsa suke kwaikwayo, suna son jin inda ya samo shi. Na damu, don na san Umma ba ta jin kunyar korar baƙo.

Yaya ya sosa ƙeya, ya nuna dutsen da Umma take buga wankakkun kaya a kai da sanduna biyu tun muna yara.

Suka kunna mata wata waƙar ƙungiyar Yaya. Ta haɗe rai tana saurare.

"Ɓarawon banza," in ji ta. "Ka sace mini bugu, kuma ka bar rabi."

"Umma, ai kin ce ba kya jin waƙoƙinmu."

"Wa ya tambaye ka? Miƙo sandunan nan."

Ta zauna ta bi waƙar tiryan-tiryan. Inda gangar ke yin shiru, ita ma ta ɗaga hannu tun kafin a iso wurin. Yaya ya juya baya yana share ido.

Na sauke ajiyar zuciya, na tafi ƙara shinkafa a tukunya.